Saniyar da Buba Ya Ƙi Bayarwa

Ranar Laraba ce, bayan sallar la'asar, a ƙofar zauren dagacin ƙauyenmu da ke ƙasar Janfalan. An gama girbi, dawa ta shiga rumbu. Akwai dagaci a kan buzunsa, akwai liman, akwai Baffa Tanko, yayan mahaifina, wanda ya kawo ƙara. Mahaifina yana zaune a bayan yayansa, kansa a ƙasa. Ni ina tsaye da igiya a hannu, domin ni aka ce zan jawo saniyar idan an yanke hukunci. A lokacin na zama saurayi, ni ke riƙe da garmar shanu a gidanmu. Wanda ake ƙara, Buba, Bafillace ne makiyayi, kuma bai zauna tare da mu ba. Ya tsaya can wajen durumi, sandarsa a gicciye bisa kafaɗa, sai an ɗaga murya yake ji. Maganar da ta tara mu gajeriya ce: Baffa Tanko yana da saniya a garken Buba, ya ce a ba shi abarsa, Buba ya ce ba za ta fita ba. Ba wanda ya musa cewa saniyar ta Baffa ce. Amma wanda ke da abin rasawa a zaman nan mahaifina ne, domin Buba amininsa ne tun suna yara, kuma shi ya kai masa saniyar riƙo da hannunsa.

Wata kalma ce ta tono mini wannan zama bayan na daɗe da binne shi. Na yi shekarun aikina a gidan rediyo ina mayar da labarai zuwa Hausa, aikin da ke koya wa mutum kada ya furta abin da bai auna ba. Bayan na ajiye aiki, lokacin da murar tsuntsaye ta shigo, ɗaya daga cikin waɗanda na koya wa fassara ya kira ni a waya. Ya ce, "Baba, wata kalma ta hana mu sakat a ofis, bayosikiyuriti. Yaya za mu ce da ita?" Na ce ya fara faɗa mini abin da take nufi. Ya karanto mini: duk matakin da ake ɗauka don kada cuta ko ƙwari su shiga inda dabbobi ko shuka ko mutane suke, kuma in sun riga sun shiga, kada su fita su kai wani wuri. Na ce to ai ka gama fassara, ka ce matakan hana cuta shiga da hana ta fita. Ya ce ta yi tsawo a kanun labarai. Da yamma na kunna rediyo, na ji ya ce matakan kariya. Ban kira shi ba. Na san yadda agogon ɗakin labarai yake cin kalmomi, ni ma na yi masa biyayya shekara da shekaru.

Yanzu kalmar ta zama ta kowa, har an gutsure ta. Jikana yana da gidan kaji a wajen Kudan, kuma duk ranar da na je sai ya tare ni a ƙofa ya ce, "Tsoho, sai ka yi bayo, ko kai ne sarkin duniya." Abin da yake nufi shi ne in tsoma takalmina a cikin wani baho mai ruwan magani. Bahon bayo ne, dogon takalmin roba bayo ne, ragar da ke hana tsuntsayen waje shiga bayo ce. Na ji ana faɗin kalmar game da irin shuka da ake ƙwacewa a bakin iyaka, da kuma ɗakunan bincike inda ake kulle ƙwayoyin cuta. Duk daidai ne, ban da abin gyarawa. Sai dai na lura, a bakin mutane kalmar fuska ɗaya take kallo. Kowa ya iya tsare ƙofarsa kada ciwon maƙwabci ya shigo. Amma ranar da kaji suka fara zubewa a gidan mutum, da sassafe za ka ga an ɗaure ragowar a bayan babur an nufi kasuwa da su. Rabin farko na kalmar kanka yake amfana, shi ya sa yake da sauƙi. Rabi na biyu wasu yake amfana, kai kuma ka zauna da asararka. A tsawon rayuwata mutum ɗaya na gani ya riƙe rabi na biyu har ƙarshe, kuma bai taɓa jin kalmar ba.

A zamanin da nake magana, ba buhun taki, ba wanda ya san shi. Gona tana ci ne daga garke. Da zarar an kwashe dawa an bar kara, sai mu fara kasa kunne. Kafin ka ga shanun za ka ji su: ƙarar ƙahonni suna gogar juna, kukan maruƙa a baya, da wani fito siriri da yaran Buba ke yi in saniya ta kauce. Gonarmu ta bakin rafi ita ce masaukinsu, kamar yadda ta kasance masaukin uban Buba a zamanin kakana. Ba a yi yarjejeniya ba, ba a sabuntawa. Su ci kara, su bar mana kashi, mu kai musu damin dawa da gishiri. Aikina a waɗannan watanni shi ne taya su matsar da shingen ƙaya daga wannan kusurwa zuwa waccan, don takin ya game gonar. Da hantsi Inna Hajo, matar Buba, takan shigo gidanmu da ƙwaryar nono, ta sauke, su zauna da mahaifiyata suna tsokanar junansu da baki har rana ta take. Mahaifina kuwa, wanda a gida ba ya haɗa jimla uku a jere, in ya zauna da Buba kan tabarma a ƙarƙashin gawo sai ya koma wani mutum. Yana ce masa Agwai, shi kuma yana ce masa Kaɗo. Na taɓa jin Buba yana cewa, "Kaɗo, kai in aka ba ka saniya a duhu, ta wutsiya za ka ba ta ciyawa." Mahaifina ya ce, "Kai kuma in aka ba ka fartanya sai ka tambayi ina nononta." Suka yi ta dariya kamar ba su taɓa faɗa wa juna haka ba, alhali kowace shekara sai sun faɗa.

A shekarar da abin ya faru, shanun sun iso, amma ba su sauka a gonarmu ba. Sun tsaya can ƙasa da rafi, a wani fako da ba mai nomawa. Mata ne suka fara gane akwai matsala, domin Inna Hajo ba ta shigo da nono ba. Mahaifina ya ce in zo mu je. Kafin mu kai rugar muka tarar an gicciya reshen ƙaya a kan hanya, babba, wanda ba iska ce ta kayar da shi ba. Mahaifina ya sunkuya zai janye, sai muryar Buba ta zo daga can ciki.

"Kaɗo, bar shi inda yake."

"Agwai, yau kuma ni ake sa wa ƙaya? Ko ka yi arzikin da ba ka son in gani?"

"Tsaya ka saurara."

Muka kasa kunne. Sai na ji. Tari ne busasshe, gajere, daga can cikin ƙirji, kamar ana buga tulun da ba ruwa. Ɗaya ta yi, wata ta amsa daga ɗaya gefen. Buba ya ce ciwon huhu ne, sun kwaso shi a wani mashayi a hanyar dawowa. Ya ce ya riga ya yanka wadda ta fi jigata, ya yi wa sauran irin abin da ubansa yake yi: a tsaga fatar doron hanci, a cusa ɗan guntun huhun mai ciwo, wadda Allah ya nufa ta kumbura ta warke, ba ta ƙara kamuwa. Ya ce daga yau shanunsa sai kowa ya gama shayarwa za su sha, kuma a ƙasan rafi. Ba mai shiga, ba abin da zai fita, ko igiya. Mahaifina ya tambayi saniyar Baffa, wadda suke kira Wule. Buba ya ce tana ci tana tuƙa, amma tana ciki, kuma a ciki za ta zauna.

Mahaifina ya yarda nan take, na ga haka a fuskarsa. Baffa Tanko ne bai yarda ba, kuma ba zan zalunce shi ba don ya mutu. Dattijo ne da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, 'ya'yansa maza ba wanda ya rayu, kuma Wule ita ce kaɗai abin da ya mallaka mai numfashi, ga ta da cikin fari. A ganinsa, an ce gida ya kama da wuta, an kuma ce ba za a fito da abinsa ba. Ya zo gidanmu ya tsaya a tsakar gida yana cewa, "Audu, kai ka kai ta, kai za ka dawo da ita." Mahaifina ya ce, "Yaya, a ɗan yi haƙuri." Baffa ya ce, "Haƙurin da zan yi har a kawo mini fata?" Daga nan maganar ta fita waje, ta shiga bakin masu zaman dandali, waɗanda kowannensu yana da labarin wani Bafillace da ya ce saniyar riƙo ta mutu alhali tana can tana haihuwa. Haka muka kai ga wannan Laraba.

Dagaci ya fara da raha, kamar yadda ya saba. Ya ɗaga murya ya ce, "Buba, matso mana. Ko mu ma tarin muke yi?"

"Ranka ya daɗe, daga nan ma ina ji. Daga cikinsu na fito, warinsu na jikina."

Baffa ya ce, "Kun ji ko? Wari. Tun muna yara muke shan nononsu da warin nan, yau ne ya san da shi."

Aka yi dariya kaɗan. Buba bai yi ba. Ya ce, "Saniyarsa ce, ban ce tawa ba ce. In ta mutu a hannuna, ya zo ya zaɓi wadda ta fi ta a cikin waɗanda suka rage, in an samu ragowa. Amma ta kwana da masu tari, ta sha inda suka sha. In ta shiga gari, ba ita kaɗai za ta shiga ba."

"Lafiyarta ƙalau," in ji Baffa. "Na hau tudu na hango ta da idona. In na bar ta can ta kamu, ya ce mini Allah ne ya kawo. In ta rayu, ya ce mini ta mutu, wa ya shiga ya gani? Ai shi ya sa ya gicciya ƙaya."

Liman ya yi magana a tsanake. Ya ce a littafi an hana kai dabba mai ciwo cikin masu lafiya, wannan ba ja. Amma kuma amana, in mai ita ya nema, ba a riƙe ta. Saniyar nan kuwa, bisa shaidar ido, ba ta da ciwo, kuma shari'a da abin da ya bayyana take aiki. Dagaci ya gyaɗa kai, amma bai yanke ba. Ya juya ga mahaifina.

"Malam Audu, kai ka san su duka biyun. Kai ka kai saniyar. Mutumin nan mai cin amana ne?"

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba ba zai gane nauyin wannan tambaya ba. Ƙane ba ya ƙaryata yayansa a gaban jama'a. A cikin ɗaki yana iya roƙonsa, yana iya kuka, amma a ƙofar dagaci ba ya cewa yayansa bai faɗi daidai ba, ko da kuwa kan launin akuya ake gardama. Mahaifina ya daɗe yana murza bakin rigarsa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Ranka ya daɗe, Yaya yana nan. Abin da ya ce."

Ban san ko Buba ya ji kalmomin ba daga inda yake. Amma ya ga ba a ɗaga kai ba. Ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya dogara ta a ƙasa, ya ce, "To, a aiko yaron."

Shi da kansa ya fito da Wule har bakin ƙayar, ya karɓi igiyata ya ɗaura mata, ya cire tasa ya jefa ciki. Fara ce tas, mai baƙin kunne, ga tsagar hancinta ta fara bushewa. Bai ce mini komai game da zaman ba. Ya ce, "Ka zagaya da ita bayan gari, kada ka bi ta rijiya. A ɗaure ta inda iska ke tafiya, ba inda take fitowa ba. Abin shanta daban. Kada hancinta ya kusanci hancin wata sai wata biyu sun mutu. Ka riƙe?" Na ce na riƙe. Ya shafa bayanta sau ɗaya ya juya.

A gaskiya Baffa ya bi wannan da farko. Ya kafa mata turke a ƙarƙashin tsamiyar bayan gidansa, ya ware mata kasko. Kwanaki suka wuce, saniya sai ƙiba take yi. Masu wucewa suka fara tsayawa suna cewa, "Tanko, yaya mai jiki?" shi kuma yana amsawa, "Da sauƙi, ta cinye mini harawa." Tsoro ya fara komawa wasa. Amma bai tafi duka ba, domin da asuba, in iska ta juyo, ana jin tarin daga ƙasan rafi.

Wannan ragowar tsoron ne ya kai mu ga kanwa. A ƙauyenmu akwai al'ada, kowane rani a ware rana guda a ba shanun gari kanwa. Shanun ba su da yawa: takarkarai masu ɗaukar kaya, da shanun huɗa na 'yan gidajen da suka samu garma, da na turke da ake kiwatawa. Mata su daka kanwa tun safe, a jiƙa ta a kwami, wato dogon kututturen da aka fafe ana zuba ruwa a bakin rijiya, a kawo shanun su sha tare. Tsofaffi sun ce kanwa tana wanke ciki, tana korar duk abin da ya ɓuya a jikin dabba. Har yau ina jin ƙarar tabarya ta wannan rana, da kukan guga, da ihun yara masu kora. Rana ce ta nishaɗi. A shekarar nan aka ce a matso da ita kusa, a yi rigakafi tun ciwon bai tsallako rafi ba.

Ana cikin zuba ruwa sai ga Baffa ya jawo Wule. Ba don ya nuna wa kowa iyakarsa ba. Ya ce, "Wadda ta fito daga cikin ciwo ai ita ta fi kowa bukatar kanwa." Kuma bisa abin da muka sani a lokacin, maganarsa ba ta da kuskure. Na ce, "Baffa, Buba ya ce kada hancinta ya kusanci na wata." Ya dube ni ya ce, "Buba ne ya haife ka?" Aka yi dariya. Na ja bijiman gidanmu biyu, Dogo da Gajere, na koma da su gefe, da nufin su sha in an watse. Mahaifina ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Kai su." Na ce, "Baba." Ya ce, "In ka riƙe su, ka ce wa gari saniyar Yaya mai ciwo ce. Kai su." Na kai su. Kawuna suka haɗu a kan kwami, ƙaho na gogar ƙaho, kowace tana huci a fuskar 'yar'uwarta, suna atishawa saboda kaifin kanwa. Mutane suna tafi suna cewa ta shiga, ta shiga.

An ɗauki makonni ba a ji komai ba, har aka manta. Sai wata safiya takarkarin maƙwabcinmu ya ƙi ɗaukar kaya. Ya tsaya ya buɗe ƙafafun gaba, ya miƙa wuya, yana nishi. Da na ji tarinsa ban bukaci a faɗa mini ba. Daga shi sai na gidan liman, sai Gajere. Gajere ya mutu kafin a kawo wuƙa. Dogo an yanka shi da sauran numfashi, kuma ni na riƙe ƙafarsa. Da mahauci ya buɗe ƙirji sai ruwa rawaya ya kwararo, huhun ya manne da haƙarƙari, ya yi tauri kamar hanta. Wannan shi ne bijimin da na koya wa karkiya da hannuna, wanda ya san muryata har in na yi gyaran murya yake juyawa a ƙarshen kunya. Mutane suka raba naman watanda, kowa ya ɗauki kashinsa ba wanda ya dubi wani.

An jinkirta kai labari ga hukuma a Ikara, domin a lokacin duk wanda ya zo ƙirga shanu, ko da allura ya zo, mutane jangali suke gani a bayansa. Da dagaci ya gaji ya aika, malamin dabbobi ya zo a kan keke, ya yi wa ragowar allura a bakin wutsiya, ya ce ba saniyar da za ta shiga garin ko ta fita sai ya dawo. A lokacin abin da ya rage bai kai a tsare ba.

Dole in faɗi iyakar abin da na sani. Wule ba ta taɓa tari ba. Baffa ya mutu yana cewa ba ita ba ce, iska ce ta kawo ciwon daga rafi, kuma ba ni da hujjar da zan kafa a gaban alƙali, domin ba wanda ya gwada jininta. Daga baya, a bakin aiki, na yi hira da likitocin dabbobi, suka ce saniya tana iya warkewa ta riƙe ciwon a wani lungu na huhunta, tana tafiya lafiya tana hura wa wasu. Suka ce da numfashi yake tafiya. Na tuna kawunan nan a kan kwami, na ci gaba da tambayoyin da ke takardata.

Bayan an yanka Dogo da kwana biyu ko uku, mahaifina ya ɗauki damin dawa da hantsi ya ce in raka shi. Ƙayar tana nan a kan hanya, ta bushe. Rugar ta yi shiru, tarin ya daina. Garken da a da yake cika fako yanzu kusurwa ɗaya ta ishe shi, kuma kowace saniya da tabo a doron hanci. Buba ya fito ya tsaya daga can.

Mahaifina ya ce, "Agwai."

"Malam Audu. Ina kwana. Ina gajiya. Yaya iyali, yaya Malam Tanko?"

"Lafiya lau. Na zo ne..."

"Na ji. Allah ya mayar da alheri."

Mahaifina ya ɗaga ƙafa zai tsallake ƙayar. Buba ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Kun fito daga cikin masu tari. Waɗannan su ne suka rage mini."

Mahaifina ya mayar da ƙafarsa. Ya tsaya da damin a ka, kamar ya manta da shi. Sannan ya ce, "Ranar nan, a ƙofar dagaci."

"Yayanka ne," in ji Buba.

"Na san ba ka..."

"Yayanka ne. Ajiye dawar nan a rana, gobe yara za su ɗauka. Na gode, Allah ya saka."

Ya sake bin gaisuwar daga farko, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi kowa da sunansa, bai tsallake ko jariri ba. Sannan ya ce shanu na jiransa. A hanyar komawa muka tsallake rafi. Mahaifina ya tsaya yana wanke ƙafa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ciwon yake tsarewa, ko ni?" Na ce ban sani ba. Abin da Buba ya yi daidai yake da abin da ya yi tun farko, ba ƙari ba ragi, kuma da a ce ba a yi zaman Laraba ba, da haka zai ce mana mu tsaya. Na juya wannan tambaya fiye da yadda na juya kowace jimla a ɗakin labarai, kuma amsata ba ta canja ba.

Daminar nan da hannu muka yi huɗa, ni da mahaifina da ƙannena. Buba ya tashi kafin ruwan fari. Da rani ya zagayo mahaifina ya hana a sare karan gonar bakin rafi, ya bar shi a tsaye har awaki suka gama da shi, sai muka ji labari garken ya sauka a wajen Likoro, a gonar wani. Wule ta haifi ɗan maraƙinta lafiya, ta tsufa a gidan Baffa. Mahaifina da Buba kuwa sun ci gaba da haɗuwa a kasuwar Makarfi har ƙarshen rayuwarsu. Sukan gaisa, gaisuwa cikakkiya, a tsaye.